Waɗanne littattafan dubawa za mu saya wa ɗakin karatun unguwa?

Mushe Sani:
Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Shawara nake nema. Matasan unguwarmu a Garin Malam, nan Damagaram (Zinder), sun samu ɗaki guda a gefen makarantar dare, an shafe shi da siminti, an kafa kanta biyu. An yi karo-karo jaka 80 ta taru, aka ɗora mini nauyin sayo littattafai. Na aji ba su dame mu ba, iyaye na kawo mana waɗanda yaransu suka gama da su. Abin da muke so shi ne irin waɗanda ba a karance su daga farko har ƙarshe, sai buƙata ta taso a buɗe a duba: kalanda mai lokutan salla, kundin alƙaluman ƙasa na shekara, littafin jagorar gari mai taswira, da kundin waƙoƙi ko tatsuniyoyi da aka tattaro daga mutane da yawa. Na zagaya kasuwar Dole na ga iri-iri, wasu daga Kano, wasu daga Yamai, wasu ko inda aka buga su ba a rubuta ba. Kuɗin jama'a ne, ba na son in sayo abin da bayan wata shida zai koma takardar ƙunsa ƙosai. Wanne ya cancanta, wanne za a bari?

Malam Ilyasu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah shi saka muku da alheri, Mushe, aikin lada ne kuka ɗauko.

Zan yi magana a kan kalanda, don ita ce mutane suka fi rainawa kuma ita ta fi shiga ibadarsu. Kafin ka dubi kyan hoto ko girman rubutu, nemi wurin da aka rubuta sunan garin da aka yi wa lissafin lokutan. In ba a rubuta ba, ajiye ta. In an rubuta Yamai, ita ma ajiye ta, sai fa in an sa jadawalin ragi da ƙari na sauran garuruwa a ƙasa. Agogonmu ɗaya da Yamai, amma ranarmu ba ɗaya ba ce. Muna gabas da su nesa, alfijir yana keto mana kusan rabin awa kafin ya keto musu, rana kuma tana faɗuwa a nan suna can da sauran haske. Wanda ya rataya kalandar Yamai a ɗakinsa a Damagaram, ya riƙa sahur da ita a watan azumi, to yana cin abinci bayan alfijir ya fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, ranakun watan Musulunci da ke cikin kowace kalanda lissafi ne aka yi tun kafin shekara ta kama. Shekarar hijira kwana 354 ce ko 355, watanni na zuwa 29 ko 30, kuma shigar azumi da salla a wurinmu da ganin wata ne da sanarwar Majalisar Musulunci ta ƙasa. Don haka a koya wa yaran da za su shiga ɗakin nan cewa kalanda tana nuna kusa, ba ta yanke hukunci. Na sha ganin matasa suna musu har da ɗaga murya, wai kalanda ta ce gobe ɗaya ga wata.

Nura (daga Kano):
Allah gafarta Malam, ai shi ya sa nake cewa a sayi ta Kano kawai. Damagaram da Kano kusan layi ɗaya suke, kuma nan ake buga masu kyau da arha, da Hausa da Larabci. In Mushe na so in aiko masa ta hannun direbobin Daura.

Malam Ilyasu:
Nura, ka faɗi gaskiya rabi. Ta Kano ta fi ta Yamai kusa da mu ƙwarai. Sai dai mun fi su arewa, don haka tsawon yini ba ya zuwa daidai, bambancin yana canzawa da damina da ɗari. 'Yan mintoci ne, amma a buɗa baki da sahur minti biyar ma abin lura ne. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne jadawalin da aka yi wa Damagaram kanta, wanda ladanai suka gwada da idonsu shekara da shekaru. Ba shi da hoto, sau da yawa takarda ɗaya ce, amma shi za a liƙa a bango. Kuma lokutan salla ba sa canzawa daga bana zuwa baɗi in an ɗaure su da watannin boko, sai abin da bai taka kara ya karya ba. Ba sai an saya kowace shekara ba.

Mariyama:
Ina wuninku iyayena. Ni ɗaliba ce a jami'ar André Salifou, sashen labarin ƙasa. In ƙara wa maganar Malam lissafi: Yamai na kan daraja 2 da ɗan ɗoriya gabas, Damagaram na kan 9, kowace daraja minti 4 ce ta rana. Ka ga minti 27 zuwa 28 ke nan. Kano na kan 8 da rabi, minti 2 kacal ta wannan fuskar, sauran bambancin daga arewancin da Malam ya faɗa yake fitowa.

Amma Yaya Nura, akwai wata matsalar da kalandar Kano. Jajayen ranakunta na Najeriya ne: 1 ga Oktoba, 12 ga Yuni. Ba za ka ga 3 ga Agusta ba, ba 18 ga Disamba, ba 24 ga Afrilu. Ko a cikin na gida ma a duba ko an sa 26 ga Yuli, don daga 2024 ne ta zama ranar hutu. Wanda ya kwafi tsohon tsari ya canza lambar shekara kawai, a nan ake kama shi.

Nura (daga Kano):
To na ji wannan. Ban yi tunanin ranakun hutu ba.

Alhaji Mutari mai littattafai:
Salamu alaikum. Sana'ata ce ake magana a kai, bari in sa baki, ko da wasu abokan sana'a ba za su ji daɗi ba.

Mushe, shekarar da aka rubuta da manyan lambobi a bango ba ita ce shekarar littafi ba. Bango shi ya fi komai arhar canzawa. Ka buɗe bayan shafin farko, ko shafin ƙarshe can ƙasa, inda ake sa ranar da aka gama bugawa da sunan maɗaba'a. Daga nan ka shiga ciki ka nemi shekara mafi kusa da aka ambata a cikin bayani. In bango ya ce bana, amma labarin ciki ya tsaya shekara takwas baya, ka san abin da ke hannunka.

Ni ga yadda nake gwada kowane littafin jagora ko kundin adireshi da aka kawo mini. Ina duba lambobin tarho. Tun 2006 lambobin Nijar suka koma guda takwas, duk wanda ke da guda shida tsoho ne tukuf. Ina duba sunayen kamfanonin salula: in na ga Celtel ko Zain na san kafin Airtel ne, in na ga Orange na san kafin Zamani ne, in na ga Sonitel daban da SahelCom na san ba a haɗe su sun zama Niger Telecom ba tukuna. Minti biyu ya isa.

Sai jikin littafin. Ƙasarmu zafi gare ta da ƙura, ga gara. Littafin da aka manne da gam kawai, bazara ɗaya ta isa gam ɗin ya bushe shafuka su fara zubewa, balle wanda hannu ɗari zai taɓa. Ka buɗe tsakiya ka duba ko akwai zare. Mai ɗinki ya fi tsada, shi za ka ɗauka. Kuma ka ƙirga shafuka a gaban mai sayarwa, don na kwafi da ake yi da injin fotokofi sukan zo da shafi a juye ko goma sun ɓace a tsakiya, taswira kuma ta zama baƙi ƙirin ba a gane hanya da kogi. Ka ware wani abu cikin kuɗin don leda ta rufe bango da maganin gara, kuma kada kanta ta jingina da bangon ƙasa.

Habsatu:
Alhaji Allah shi ƙara kasuwa. Da masu sayarwa duka haka suke da mun huta.

Mariyama:
Mushe, a kan kundin alƙaluma ina roƙonku kada ku kashe ko dala. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke fitar da kundin shekara da ɗan ƙaramin nan Le Niger en chiffres, kuma tana sa su a shafinta na intanet kyauta. A sauke, a buga shafukan da suka shafi jiharmu kawai, a kai wa mai ɗinkin takardu. Duk littafin kasuwa da ya kawo adadin jama'a ko na gero da aka noma, daga can ya kwaso, wani lokacin har da kuskuren kwafi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a san karanta su. Ƙidayar jama'a ba kowace shekara ake yi ba: an yi a 1977, 1988, 2001, sai 2012. Wadda aka yi a 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a ƙasa, jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawa da sama da miliyan 3 da rabi, Maraɗi da Tawa na bin ta. Adadin da kuke gani a littattafan shekarun da suka biyo baya hasashe ne aka ɗora a kan wannan, ba a sake bin gida-gida ba. Littafin kirki zai rubuta hakan a ƙasan jadawali. Wanda bai faɗi inda ya samo adadinsa ba, ban yarda da shi ba ko da ya yi daidai.

Wani abin da ke rikita ɗalibai: wani littafi zai ce birnin Damagaram mutum dubu 235 ne a 2012, wani ya ce dubu 323. Babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗaya cikin gari kawai ya ƙirga, ɗayan ya haɗa da ƙauyukan da ke ƙarƙashin da'irori biyar na birnin. In ba a bayyana wa yaro ba, sai ya ɗauka alƙaluma duka shaci-faɗi ne.

Gwajina ni kuma shi ne gundumomi. Kafin 2011 biyar ne a jiharmu: Gure, Magarya, Matamai, Mirriya, Tanut. Yanzu goma ne, an ƙaro Belbeji, Damagaram Takaya, Dungas, Takeita da Tesker, ta Matamai kuma ana kiranta Kance. Duk taswirar da ta nuna biyar ta tsufa ga yaron da zai rubuta jarrabawa. Akwai kuma kundin sunayen garuruwa da ƙauyuka na INS, RENALOC, wanda ya biyo bayan ƙidayar 2012. Yana da kauri, amma sashen jiharmu kaɗai in aka buga, kowa zai zo neman sunan ƙauyensu.

Mushe Sani:
Madalla 'yata, wannan ya rage mini nauyi. Ɗaya daga cikin dattawan da suka sa kuɗi ya nace a samo kalandar manoma, mai nuna taurarin damina. Akwai wanda ya san ta?

Baba Manzo:
Ni na san ta, kuma dattijon nan ya yi tunani. Na yi aikin gona da manoma har na yi ritaya, daga Magarya har Tanut, kuma ban taɓa ganin tsohon manomi yana lissafin shuka da watan Musulunci ba, don shi yana zagayawa, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Da taurari suke yi. Guda 28 ne, kowane kwana 13, Jabaha ce kaɗai ke da 14, ka ga 365 ta cika. Malaman hisabi suka riƙe wannan ilimi, suna rubuta shi da ajami. In tsoho ya ce maka an shiga Nasara ko Ɗarfa, ya san inda damina ta kai, ya san ko sauran lokacin maimaita shuka ko ya wuce. Yaranmu na lakol yanzu ko Kaza da 'ya'yanta ba su iya nunawa a sama.

Shawarata, kada a tsaya neman bugaggiya a kasuwa. Waɗanda na gani an kwafo su ne daga wasu wurare, ranakun shigar taurarin ma ba sa daidaita tsakanin wannan da waccan. A je wurin malamin hisabi a Birni, a zauna da shi, ya faɗa a rubuta da boko da ajami gefe da gefe, a sa sunansa da shekarar da aka rubuta. A ba shi goronsa cikin kuɗin nan. Wannan ba ya tsufa, kuma ranar da mutanen nan suka ƙare ba za a same shi a kantin kowa ba.

Injiniya Bashir:
Baba, da girmamawa, ina tsoron a sa wa manoma rai da abin da ba ya faɗin ruwa. Tauraro yana shiga ranar da zai shiga, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ruwanmu na shekara bai fi milimita 400 da wani abu ba a nan, kuma wata shekara ya zo da wuri, wata ya makara, wata ya yanke a tsakiya. Abin da ke taimakon manomi shi ne hasashen damina da cibiyar AGRHYMET da hukumar yanayi ta ƙasa ke fitarwa kafin ruwa ya sauka, da rahoton da ke biyo baya duk kwana goma. Shi ya kamata a riƙa liƙawa.

Baba Manzo:
Ɗana, ban ce tauraro na kawo ruwa ba, Allah ke kawo ruwa. Ma'auni ne na lokaci, kamar yadda kai kake cewa goman farko na Yuli. In ka je ƙauye ka ce wa manomi ana hasashen ruwa zai yanke a goma na biyu na watan kaza, zai dube ka. In ka iya faɗa masa da tauraron da ya sani, ya gane nan take. A liƙa duka biyun kusa da juna, yaro ya koyi juya wannan zuwa wancan. Ni abin da na rasa a wurin matasan ma'aikata ke nan.

Injiniya Bashir:
In haka ne ba ni da ja, Baba. Ni zan riƙa turo hasashen in ya fito.

Lawali mai kabu-kabu:
Ku gafarce ni, ni ba mai zurfin karatu ba ne, amma gari dai na san shi. Wani baƙo ya taɓa hawa babur ɗina da littafin jagora a hannu, yana nuna mini masaukin da aka rufe tun ina yaro. Taswirarsa ta ƙare a wajen da yanzu tsakiyar gari ne. Tun aikin Zinder Sabuwa na 2018 hanyoyi da shataletale nawa suka canza? Kuma mu nan ba da sunan titi muke kwatance ba. Ce mini bayan gidan Sarki, ko bakin tasha, ko kusa da masallacin wane, ko Kara-Kara wajen duwatsu, yanzu in kai ka. Littafin da bai san wannan ba, wa zai yi wa amfani a unguwa?

Abin da mutane ke tambayata kullum: wane farmasi ke gadi daren nan, ƙarfe nawa motar Yamai ke tashi, ina ake yin takardar haihuwa. Farmasin gadi duk mako yake canzawa. Ba littafin shekara da zai riƙe wannan. Ku sayi allo da alli.

Habsatu:
Wallahi Lawali ya faɗi magana. Allo a bakin ƙofa, mata ma in sun wuce su gani.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Na bi maganganunku tun daga sama, sai yanzu na samu zama. Shekaruna na aiki duka a makarantar firamare na yi su, kuma abin da zan faɗa ya daɗe yana cina.

Littattafan jagorar da ke akwai a kan garinmu ba don mu aka rubuta su ba. An rubuta su don baƙon da zai kwana biyu: ya ga fadar Sarki, ya zaga Birni da Zango ya ɗauki hoton zanen gidaje, ya sayi jakar fata wurin dukawa, ya ci kasuwar Alhamis, in ya samu hali ya leƙa ta Mirriya ran Lahadi, ya wuce Agadas. Ba laifi ba ne, amma tarihin da ke ciki shafi ɗaya ne, kuma daga idon wanda ya zo cin ƙasa aka kalle shi. Ku duba yadda suke ba da labarin 1898. Za su ce an kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, su wuce, kamar Sarki Amadu Kuran Daga ba shi da dalili ko tunani. Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwa ya mai da Damagaram ƙasar da ake shakka tun daga Borno har Kano, layi biyu ake ba shi. Yaƙin Tirmini na 1899, da tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906, sau da yawa babu su sam. Abin da ba sa mantawa shi ne nan ce hedkwatar mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926 kafin a mai da ta Yamai.

Saboda haka in za a sayi littafi ɗaya mai tsada, a nemi na André Salifou a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971 cikin jerin Études Nigériennes. Ɗan garin nan ne, ya zauna da tsofaffi ya ji daga bakinsu. Da Faransanci yake, amma ɗan kwaleji zai iya, kuma malami zai iya karantawa ya bayyana da Hausa. A tambaya a IRSH, cibiyar binciken ilimin zamantakewa, a Yamai.

Kundin adabi kuwa, a nan nake so yawancin kuɗin ya tafi, don shi ne ba ya lalacewa da wucewar shekara. Ga abin da nake dubawa. Wa ya tattara, kuma ya faɗi wurin wanda ya ji kowace tatsuniya ko waƙa, da garin da aka ɗauka? An kawo waƙa cikakkiya, ko an yanko baiti huɗu an bar sauran? Akwai bayanin tsofaffin kalmomi a ƙasa? Akwai muryar mata a ciki, waƙoƙin daka da na reno da na gaɗa, ko maza ne zalla? Sannan akwai namu? Yawancin kundayen Hausa daga Zariya da Kano suke, masu kyau ne, a saya, harshenmu ɗaya. Amma yaro zai karance su bai gamu da Ma'azu Ɗan Alalo ba, sai ya ɗauka Damagaram ba ta taɓa yin mawaƙi ba. Alhali ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Hausa na boko, Magana Hausa da Schön, ɗan mishan Bajamushe, ya buga a 1885, cike yake da labarai daga bakin Dorugu, yaron Dambanas ta wajen Kance, wanda Barth, matafiyi Bajamushe, ya tafi da shi Ingila a 1855. Ɗan ƙasar nan ne. Ɗalibai nawa suka san shi?

A leƙa kuma abin da maɗaba'ar Gashingo ke bugawa a Yamai da harsunan gida, a haɗa da ƙamus ɗin Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijinguini. Tunda an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, abin kunya ne ɗakin karatu a Damagaram a ce kantar Hausa ta fi kowace zama fayau.

Malam Ilyasu:
Hajiya, Allah shi ja kwana. In ƙara da waƙoƙin wa'azi na ajami, akwai su a gidajen malamai nan Birni, gara na cinye su. Ko hoto aka ɗauka da izinin masu su aka buga, an yi aiki.

Nura (daga Kano):
Ni fa har yanzu ina da tambaya, kada a ce na cika musu. Duk abin nan yana cikin waya. Lokacin salla akwai manhaja, taswira akwai Google Maps, alƙaluma Mariyama ta ce suna intanet, waƙoƙin Ɗan Alalo ana turawa a WhatsApp. Me zai hana a sayi waya ɗaya mai kyau da ɗan faifan sola, a huta da gara?

Mariyama:
Yaya Nura, manhajar salla ma sai ka zaɓa mata hanyar lissafi, kuma ba duka ke ba da alfijir ɗaya ba. Taswirar waya kuma ka buɗe ta a kan Garin Malam ka gani, lunguna da yawa ba suna. Ina amfani da su kullum, ban raina su ba. Amma waya ɗaya mutum ɗaya take ɗauka, littafi goma yara goma.

Hajiya Rabi:
Ɗana Nura, ka manta da ƴan mata. Yarinya ƴar shekara goma sha uku ba za a ba ta waya a gida ba, kuma in waya ɗaya ce a ɗakin, samari za su riƙe ta daga safe har dare. Littafi kuwa za ta ara ta kai gida, ta karanta wa kakarta, kakar ta ce ba haka muke faɗin wannan tatsuniyar ba, ta ba ta tasu. Na ga hakan da idona ba sau ɗaya ba. Waƙar da ke yawo a waya kuma ba a san wa ya ɗauka ba, ba a san shekara ba, rabinta a yanke, wani lokacin har sunan mawaƙin an canza.

Alhaji Mutari mai littattafai:
Akwai wanda ba a ambata ba kuma shi aka fi tambaya a shagona: kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawa na BEPC da BAC. Shi kam na shekara ne na gaskiya. A tabbatar na Nijar ne, don ana kawo na maƙwabta masu Faransanci, tsarin karatun ba ɗaya ba ne, musamman tarihi da labarin ƙasa. A ɗauki mai amsoshi da bayanin yadda aka kai gare su. A sa wani mushen lissafi ya gwada amsa biyu ko uku kafin a biya, don akwai masu kuskure a cikin gyaran kansa.

Mushe Sani:
Na gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Ga yadda nake ganin rabon, ku gyara mini. Jaka 35 kundayen adabin Hausa da ƙamus. Jaka 15 littafin tarihin Damagaram, in an samu, ko kwafinsa in masu shi sun yarda. Jaka 12 kundayen jarrabawa. Jaka 8 buga alƙaluman INS da ɗinke su. Jaka 5 goron malamin hisabi. Sauran biyar allo, alli, leda da maganin gara. Jadawalin salla Malam Ilyasu zai taimaka mana da na masallacinsu. Littafin jagorar gari na cire shi gaba ɗaya.

Hajiya Rabi:
Rabon ya yi, amma ban yarda a cire jagorar gari a bar wurin haka ba. A sayi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, irin na rajista. Lawali ya san hanyoyi, Mariyama ta iya zana taswira, yara su bi tsofaffin unguwa su tambayi asalin sunan kowane lungu da rijiya da masallaci. Kowane shafi a sa ranar da aka rubuta da sunan wanda ya faɗa, a bar fili a ƙasa don gyara. Jaka biyu ta isa, ni zan biya.

Lawali mai kabu-kabu:
Na yarda Hajiya. Ran Juma'a bayan la'asar ba ni da aiki sosai, Mariyama ta zo da takardarta mu fara daga bakin makarantar dare mu yi gabas.

Mariyama:
To Yaya Lawali, zan zo da ƙawata guda. Mushe, ku turo mini lambar wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin ta akwatina.

Nura (daga Kano):
Hajiya, ku rubuto mini sunayen kundayen da kuke so, zan duba su a kantunan nan in ɗauko hoton shafin farko da na ƙarshe in turo, Alhaji Mutari ya duba kafin in biya. Akwai motar da ke tasowa ta Daura ranar Laraba.